Kunnen Malam da Idon Ƙeya

Da sunan Allah, wanda in ya saukar da cuta yakan saukar da sauƙinta a kusa. Matan da suka zo yi mini barka da jinya kowace sai ta ce in faro mata daga farko, har bakina ya gaji. Shi ya sa na ce za ni zauna in rubuta, ko wata mai miji irin nawa ta farga kafin ta ga abin da na gani.

Maigidana ɗan koli ne. Malam nake ce masa, haka ma 'yan unguwarmu a nan Sabon Birni. Allura, zare, maɓalli, madubi, kwalli da turare, duk yakan jera su cikin akwatin katako ya ɗaure a kariyar kekensa ya bi kasuwannin ƙauye. Ran da babu kasuwa sai ya shiga ƙauyen Tsamaye gida-gida, matan can sun san ƙararrawarsa kamar muryar ɗan'uwansu. Keken nan ya girmi 'yarmu ta fari wadda ke aure a garin Isa. Ran Juma'a sai ya wanke shi kafin ya yi nasa wankan.

Akwai wata ɗabi'a da ya gada wurin mahaifinsa, wanda falke ne da ya yi zamanin kai kaya Maraɗi da jakuna. In mutum ya yi addu'a a bakin zaure ya fita neman abinci, to ba ya juya wuyansa baya a kan hanya har ya dawo gida. Wai waiwaye yana mayar da arzikin ranar. Na san camfi ne, mun karanta a makaranta, amma ban taɓa ganin illarsa ba balle in yi magana. Ni kuma tun da aka kawo ni gidan nan, kullum da safe nakan bi bayansa in laɓe a bayan ƙyauren zaure, ina leƙe ina karanta masa Ayatul Kursiyyu har ya sha kwana. Ƙeyarsa nake gani. Bai san ina tsayawa ba, kunya kuma ba ta bar ni na faɗa masa ba.

Ciwon ya daɗe da fara sallama, mu ne ba mu amsa ba. Rediyonsa ya riƙa ƙara ƙarfi har maƙwabta suna jin labarai da mu. In na yi magana daga madafa sai in ji shiru, in na matso sai ya ce, "Mi kic ce, Balki?" Na ɗauka miskilanci ne na girma. Kiran sallar asuba, da shi ke tashina, sai ya koma ni ke tashinsa. Kuma na lura in ana hira yakan karkato kumatunsa na dama wajen mai magana. Duk na gani, ban haɗa su wuri ɗaya ba.

A ƙarshen kaka abin ya faru. Kowa ya san yadda hanyoyinmu suka koma, ba mai son yamma ta riske shi a daji, don haka direbobi gudu suke kamar ana bin su. Malam yana dawowa kafin la'asar, ya kauce wa rami ya yi hagu, wata a-kori-kura shaƙe da gero ta taho ta bayansa ta kwashe shi. Direban, Allah ya saka masa da alheri, bai gudu ba. Shi ya kawo shi asibitin garinmu, yana rantsuwa yana kuka cewa ya danna oda tun daga nesa. Ina tankaɗe matar maƙwabcinmu ta shigo ba sallama. Da na ga fuskarta sai rariyar ta faɗi daga hannuna.

Na tarar da shi kwance, goshi a fashe, ƙafar hagu ta juya wani iri. Abin da ya fara tambayata shi ne, "An ɗauko keken?"

Suka tsayar da jini suka ɗinke goshin, suka ce ƙashin cinya ya fi ƙarfinsu, sai Sakkwato. A nan Yaya Kulu ta iso. Ita ce yayarsa, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, maganarta a wurinsa kamar ta uwa ce. Ta ce ba inda za a kai mata ƙane a yanka. "Ƙashi aikin maɗori na. Akwai wani a garin Alkalawa, ko ƙafar raƙumi shina ɗorawa." 'Yan dubiya kowa da nasa: wannan ya ce rubutu, wannan ya ce saiwa, wata ta ce a shafa kitsen damo. Ni dai na durƙusa gabanta na ce, "Yaya, a yi hoton ƙashin kawai. In hoto ya ce maɗori, ni za ni raka shi Alkalawa." Da haka na samu muka hau mota.

Makon farko a Sakkwato layi ya cinye shi. Layin kati, layin hoto, layin awon jini, in ka kai gaba a ce mai hatimi ya tafi salla. Ina faɗar wannan ba don in ɓata kowa ba, marasa lafiya ne sun fi ma'aikata yawa, amma wanda bai taɓa riƙe hannun mijinsa yana nishi a kan benci ba, ba zai gane tsawon wuni ba. Da hoton ya fito, likita ya ɗaga shi sama ya nuna wa Yaya Kulu. Ƙashin ya tsage gida-gida, wani ɓangare ya hau kan wani. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wanga kam ba na Alkalawa ba na." Aka sa ranar aiki.

Aka nemi jini. Ƙanensa Bashiru, wanda ke tuƙa wani mai hali a Abuja, ya kwana a hanya ya zo ya bayar. Tsakanina da shi akwai wasan ƙanin miji, yana fitowa ya ce, "Matarmu, yanzu jinina na jikin mijinki, sai ki riƙa zuba mani nama biyu." Wannan ce dariyar da na fara yi tun ranar hatsarin. Tumakina da nake kiwo suka tafi a kan ƙarfen da aka sa masa da magunguna, ban kuma yi kewarsu ba. Matan da muke jinya tare a barandar asibitin suka zame mini 'yan'uwa. Wata Bafulatana daga wajen Goronyo kullum sai ta dama mini fura, ta ce mai jinya in ta faɗi wa zai ɗaga majinyaci. Ko sunan rugarsu ban riƙe ba, amma tana cikin addu'ata.

A mako na uku ne asirin ya tonu. Likitan ƙashi ya zo zagaye, ya tsaya ta hagun gadon yana yi wa Malam bayanin yadda zai fara motsa ƙafa. Malam yana kallon silin abinsa. Likitan ya zagayo ta dama ya maimaita, nan take Malam ya amsa. Sai ya tura mu wurin likitar kunne, wata mace mai sanyin murya. Ta sa masa wani abu a kunnuwa ta yi ta gwaji, sannan ta ce na hagu ya daɗe da tafiya, ba motar ce ta ɗauke shi ba, na dama ma ya ragu. Ta tambayi sana'arsa, aka faɗa mata. Ta ce, "Baba, mota ta hagunka take wuce ka, kunnen da ke gadin wannan gefen kuwa ya yi barci tuntuni. Ba gudu kaɗai ya buge ka ba. Ba ka san tana bayanka ba." Wannan maganar har yau tana kaina.

Muka dawo gida da sanduna biyu. Na yi ta gashi da ruwan zafi, ina juya shi kada bayansa ya yi gyambo, ina dafa masa romon ƙashi da kunun gyaɗa. Malam majinyaci ne mai kunya, in na kawo masa fo sai ya rufe ido ya ce, "Allah shi yi maki albarka, Balki, na zame maki jinjiri." In ce ai jinjirin ma da gemu ya fi daɗin raino. Ƙashi ya kama, alhamdu lillahi. Kafin zafi ya shigo sosai ya ajiye sanda ɗaya, daga baya ya ajiye ɗayar, sai ɗan ɗingishi.

Amma Yaya Kulu ta riga ta yanke hukunci. Ta sa an kai keken gidanta an rataye a ɗakin shirgi, ta ce muddin tana numfashi ba zai sake hawa ba. Ban ga laifinta ba, ni ma zuciyata ta so haka. Muka shimfiɗa masa kolin a bakin zaure. Sai dai unguwarmu ba hanya ba ce, kuma mutumin da ya saba shi ke zuwa wa mutane bai iya zaman jiran su ba.

A nan jinya ta biyu ta fara, wadda ta fi ta farko nauyi, don ba ta da hoto ba ta da ƙwaya. Ya rage cin abinci. Ya daina ba ni labari, shi da in ya dawo kasuwa sai na ce ya bari in yi salla. Matan Tsamaye suna aiko a gaishe shi, wai zarensu ya ƙare, sai ya kau da kai. Wata rana da hantsi na leƙa zaure na gan shi riƙe da ƙararrawar keken, wadda ta ɓalle ranar hatsarin wani ya tsinto. Ya kara ta a kunnen dama yana kaɗawa a hankali. Na koma ɗaki na yi kukana. Na gane in aka bar shi haka, ƙafar ta warke amma mutumin za mu rasa.

Na kira Bashiru na faɗa masa komai. Ya ce in ba shi lokaci. Ashe uban gidansa yana cikin masu hawan keke don motsa jiki, Bashiru ke bin su da mota a baya. Ya ce suna da wata na'ura da ake kira rada, wadda ke gaya wa mai keke mota na tafe a bayansa. Da ya ba uban gidan labarin yayansa, sai mutumin ya cire tasa ta da ya ba shi kyauta. Allah ya ba shi abin da yake nema duniya da lahira.

Da Babbar Salla Bashiru ya zo da ita. Ba ta kai sabulun wanka girma ba, tana da jar fitila, ana ɗaure ta a bayan keke tana kallon baya. Akwai 'yar'uwarta ƙarama da ake maƙalawa a hannun keke. In hanya ba kowa sai ta nuna kore. In mota ko babur ya taho sai ta canza launi, wani ɗigo ya riƙa hawa yana nuna kusantowarsa, in kuwa da gudu yake sai ta yi ja. Tana ƙara ma, amma Malam ido zai yi aiki da shi. Ya juya ta a hannu ya ce, "Wato ido na aka yi wa ƙeya." Tun daga nan sunanta a gidanmu idon ƙeya.

Bashiru ya wuni gidan Yaya Kulu yana lallashi. Da ƙyar ta yarda a sauko da keken a gyara, da sharaɗin za a gwada a gabanta, in abin bai yi ba, ba mai sake tayar mata da zancen. Bashiru ya nuna inda za a ɗaura ta, can ƙarshen kariya don kada akwatin koli ya tare ta, ya koma bakin aikinsa.

Malam ya kai keken wurin Mamman mai faci aka miƙe ƙafar baya. To damina ta fara, kuma Malam mutum ne da ba ya barin abu mai daraja a tsirara. Rediyonsa da riga, tocilansa da riga. Sai suka haɗa kai da Mamman suka ƙera wa na'urar gida da gwangwanin madara, suka rufe ta ruf saboda ruwa da masu ɗan hali, suka huda 'yar ƙofa daidai jar fitilar. Har fenti kore suka shafa. Da ya kawo gida ni ma na yaba, na ce kai, Mamman ya iya aiki.

Ranar gwaji muka fita filin idi da safe, ni da Yaya Kulu muna tsaye a inuwar dogon yaro. Maƙwabcinmu Sani ɗan kabu-kabu shi zai taho ta baya da babur. An shirya cewa da Malam ya ga launi ya canza, ya ɗaga hannu. Ya yi bismilla ya hau. Wallahi yadda bayansa ya miƙe a kan sirdin nan, sai na ga saurayin da ya zo neman aurena.

Sani ya taho, ya matso, ya wuce shi fuu. Hannu bai tashi ba. Keken ya yi tangal-tangal don firgita. Aka sake, haka. Aka kuma sakewa, Sani har da oda, na'urar hannun keken tana nan kore kamar ba kowa a duniya.

"To, kun gani," in ji Yaya Kulu. "Sani, tura shi gidana."

Malam ya sauko. Bai yi musu ba, bai dubi kowa ba, ya miƙa wa Sani keken da hannu biyu kamar mai miƙa gawa. Ni ban san sanda na ciro waya na kira Bashiru ta bidiyo ba. Na ce, "Abinka bai yi ba." Ya ce in nuna masa. Da na haska gwangwanin sai ya fashe da dariya har wayar tana girgiza.

"Matarmu! Wa yas sa ta kulle? Ido na kawo maku, kun rufe shi cikin gwangwani!"

Ya ce na'urar wani abu take aikawa baya wanda ba a gani, ya bugi mota ya dawo mata, ƙarfe kuwa tare shi yake. Ruwan sama ba ya yi mata komai, haka aka yi ta. Na roƙi Yaya Kulu a sake gwadawa sau ɗaya tak. Ta yi tsaki ta ce a yi. Sani ya ɓamɓare gidan da Mamman ya ɓata wuni yana ƙerawa. Malam ya sake hawa. Wannan karon Sani yana can nesa, ko mu da ƙyar muke jin ƙarar babur ɗin, sai ga hannun Malam a sama. Sani ya iso yana ihu, "Malam, ƙaƙa kag gan ni? Ko ka koma boka?"

Na ɗauka an gama. Yaya Kulu ta karɓi wayar ta ce, "Kai Bashiru, abin da gwangwani ya makantar, ran da cajinta ya ƙare hwa?" Bashiru ya daina dariya. Ya ce gaskiyarta. Ya ce ko masu ita ba sa dogara da ita kaɗai, tana faɗa maka akwai abu a baya ne, amma kafin ka karkata hagu dole ka waiwaya ka gani da idonka.

Malam ya sunkuyar da kai. "Yaya, kin san Baba ya hana waiwaye."

"Ni za ka gaya wa Baba? Abin da ab bayan Baba jaki na, jaki kuwa bai taɓa take kowa ba." Sai muryarta ta sauko. "Kai kana goye, ba ka sani ba. Duk ran da za shi Maraɗi, Inna takan tsaya bakin zaure tana hawaye. In ya gan ta ba shi iya tahiya. Shi ya sa ya daina waiwaye, da aka tambaye shi sai ya ce wai arziki. Ba arziki ba na, tausayi na. In ba ka waiwaye, keke na gidana."

Malam ya ɗago kai. Can ya ce, "Za ni koya."

Koyon ma jinya ce. Wuyan da ya shekara da shekaru yana kallon gaba ya sandare, in ya juya sai keken ya bi shi. Kullum bayan azahar in shafa masa man zafi in murza, sannan ya zagaya tsakar gida ina bayansa da ludayi ko muciya, ya waiwaya ya faɗi abin da ke hannuna. Ya sha cewa tsintsiya alhali muciya ce, mu yi ta dariya. Abincinsa ya dawo, labarinsa ya dawo.

'Yan'uwana mata, abin da nake so ku ɗauka ke nan. In maigida ya fara ƙure rediyo, ko yana yawan cewa a maimaita, kada a ce girma ne ko miskilanci, a kai shi a duba kunne, musamman in yana hawa titi. Na'urar nan ba kowa zai same ta ba, mu ma kyauta ce, amma madubi na samuwa a kowace kasuwa, waiwaye kuwa ba a sayen sa. Wanda Allah ya ba ta, kada ya rufe ta da ƙarfe, kada kaya ko babbar riga su tare ta, kuma a kai ta caji kafin a fita. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinya haƙuri, ya kawo mana zaman lafiya a hanyoyinmu.

Ranar da zai koma Tsamaye, ya ɗaure akwatinsa, ya mayar da ƙararrawa mazauninta, ya yi addu'a ya fita. Na laɓe inda na saba ina karatuna, jar fitilar tana walƙiya a bayansa. Daf da kwana wani babur ya taho ta baya. Na ga Malam ya rage gudu, ya juyo da wuyansa yadda muka koya. Ya ga babur ɗin. Sannan ya gan ni, don ban yi saurin janye kaina ba.

Ya sa ƙafa ƙasa ya tsaya. "Balki! Tun yaushe kike tsayawa nan?"

Na ce, "Tun ran da aka kawo ni."

"Mi kic ce?"

Ban iya maimaitawa ba. Na yi masa alama da hannu ya tafi kada rana ta yi. Ya tsaya yana kallona har na ji kunya kamar amarya, sannan ya kaɗa ƙararrawa ya sha kwana.

Yanzu kullum in ya kai wurin nan sai ya waiwayo, ko da na'urar kore take nunawa. Na daina laɓewa. Kuma har yau arzikin bai juya ba, jiya ma da akwati rabi ya dawo.